Bai Mutu Ba, Bai Zo Aiki Ba

Kwanakin baya a wajen wani ɗaurin aure a nan Kaura na ji wasu samari suna hirar aikin da suke nema. Ɗayansu ya ce shi dai a ba shi ofishin kula da ma'aikata, don a can babu ɗaukar kaya, babu shiga rana, ka ɗauki mutum aiki, ka ba shi hutu, ka sa hannu, shi ke nan. Amma aikin da yake faɗa shi na yi tun gemuna bai fito ba har ya yi fari. A zamaninmu fasonel ake ce masa, yanzu na ji ana kiransa da wasu haruffa biyu na Turanci. Na yi shi a Kaura, na yi shi a Maraɗi, na yi a Jidda, na yi a bakin tashar jiragen ruwa ta Ikko, na dawo gida na ƙarasa shi inda na fara. Don haka na ga ya kamata in rubuta wa irin waɗannan samari abin da ke ciki.

Inda na fara wani kamfani ne mai sayen auduga da hatsi, yana kuma sayar wa manoma taki da iri. Babban ofishinsa yana Kaduna, reshenmu yana Kaura kusa da tashar jirgin ƙasa, muna da rumfunan awo da ɗakunan ajiya a Shinkafi da Zurmi da ƙauyukansu. Wanda ya koya mini aiki shi ne babban akawu, Malam Ɗanbaba. Aikin da ya fara ba ni ɗinkin fayil ne. A huda takarda a kusurwar hagu, a zura igiya mai ƙarfe a bakinta biyu, sabuwar takarda a sama, tsohuwa a ƙasa. Na yi watanni ban taɓa tambari ba, balle tafireta. Idan na huda takarda a kan rubutu sai ya ɗaga ta sama ya leƙo ni ta cikin hudar, ya tambaye ni ko ɓera ne ya koya mini aiki kafin in zo wurinsa. Kayan aikinmu ke nan: abin huda, igiya, tambari da tawadarsa, kabad ɗin ƙarfe mai makulli, rajistar sa hannu ta safe. Sai benci a ƙofar ofis, da tabarma da buta a bayan kabad. Da aka kawo kwamfuta an kwashe mafi yawansu, amma benci da tabarma ba a sami abin da ya maye gurbinsu ba.

Sallamar mutum ta farko da na gani da idona ta wani maigadi ce da aka kama yana barci ba sau ɗaya ba. Takardar ta iso tun da safe, amma Malam Ɗanbaba ya ajiye ta har leburori suka watse. Sannan ya sa aka kira mutumin, ya zagayo daga bayan tebur, ya shimfiɗa tabarma suka zauna tare. Ya tambaye shi iyali, ya tambaye shi gona, ya tambaye shi ciwon ƙafarsa. Sai da mutumin da kansa ya ce, “Malam, na san abin da ka kira ni,” sannan aka zo kan magana. Da ya fita, Malam Ɗanbaba ya ce mini ba a ba mutum mugun labari a tsaye, ba a ba shi a gaban na ƙasa da shi, ba a kuma ba shi ranar kasuwa, don zai fita ya tarar da duk garin a titi.

Kowace ƙasa da irin ma'aikacinta. A Maraɗi, inda kamfanin ya tura ni saboda ina jin Faransanci, Bahaushe ne irinmu, amma idan ka taɓa shi sai ya kawo maka lambar doka, ya ce ku haɗu gaban sufeton ƙwadago. A Jidda, inda na riƙe ma'aikatan wani kamfanin gine-gine, mutum shi kaɗai yake zuwa, fasfonsa na cikin kabad ɗinka, ba shi da kowa sai Allah. A Ikko ƙungiya ce take zuwa, da waƙa da kwalaye. A nan gida kuwa, idan ka ɗauki mutum ɗaya aiki, ka ɗauki zuriya. Ka yi masa canjin wuri daga Kaura zuwa Shinkafi, shi ba zai ce maka a'a ba, zai ma yi godiya. Washegari ka fito sallar asuba ka tarar da kawunsa da limamin unguwarsu a ƙofar gidanka.

Ruwan farko idan ya sauka, rajistar safe takan zama fanko. Kowa ya tafi shuka, kuma kowa kakarsa ce ta rasu. Akwai direbanmu Sale da na taɓa ce masa wannan kakar tasa Allah ya ba ta haƙuri, don bara ma a kan gero ta rasu. Ya ce ai waccan ta wajen uwa ce. Na ce ta bara waccan fa? Ya ce Alhaji, gidanmu babba ne. Daga baya na roƙi Kaduna aka bar mu muna raba hutun shekara a kan lokacin shuka da girbi, kakanni suka sami lafiya. Wata matsalar ba ta zo da dariya ba. Wata ma'aikaciyarmu mai tsintar iri mijinta ya rasu, littafin dokokin kamfani ya ba ta 'yan kwanaki na makoki, addini ya ce wata huɗu da kwana goma. Wanda ya rubuta littafin bai taɓa jin takaba ba. Na haɗa mata hutun shekara da na rashin lafiya da wanda babu albashi, na yi ta ƙulle-ƙulle har ta fita takaba gurbinta yana nan. Yawancin aikin ke nan. Littafi yana faɗin abu ɗaya, rayuwar mutane tana faɗin wani, kai kana tsakiya.

Na yi zaton na ga iyakar wannan tsakiyar, sai shekarar da hanyoyi suka lalace. Ba sai na tsaya bayani ba, duk wanda ke ƙasar nan ya san lokacin da ɓarayin daji suka hana noma, aka rufe kasuwanni, aka yanke layin waya. Bencin ƙofar ofishina ya daina isa. Na Katuru yana so a dawo da shi Shinkafi, na Shinkafi yana so a dawo da shi Kaura, na Kaura yana roƙon kada a tura shi ko'ina. Kaduna kuma tana cewa a rage mutane, tunda babu audugar da za a auna. Mutanen da na ɗauka aiki da hannuna, na halarci sunan 'ya'yansu, su na riƙa zaunarwa a tabarma ɗaya bayan ɗaya.

A cikin wannan shekarar ne Isiya ya ɓace. Isiya shi ne mai sikelinmu na Gurbin Ɓore, wani ƙauye gaba da Zurmi, makullin ɗakin ajiyar taki ma a hannunsa yake. Mutum ne mai shiru, wanda manoma ba su taɓa kawo ƙararsa a kan awo ba, kuma duk wanda ya san aikin sikeli ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne. Matarsa Rabi da 'ya'yansu suna zaune a gidajen kamfani a nan Kaura, shi yana tafiya farkon mako ya dawo ranar Alhamis. Wata Alhamis ya rufe ɗakin ajiya, ya hau babur ya nufo Zurmi da rana tsaka, bai iso ba. Ba a ga babur ba, ba a ga gawa ba. Waya babu, balle a kira a nemi fansa. Bayan 'yan kwanaki aka tarar an kwashe takin da ke ɗakin ajiyar, kuma ba fasa ƙofa aka yi ba, da makulli aka buɗe. Mu da ke nan mun san yadda abin yake, wanda ya kama mutum ya kama abin da ke aljihunsa. Amma a takarda ba haka yake fita ba.

Da layin waya ya dawo muka zuba ido, ba wanda ya kira. Duk wanda aka sako daga daji a yankin, sai in hau mota in je in yi masa barka, in nuna masa hoton Isiya na katin aiki. Wani ya ce ya ga mai kama da shi ɗaure a gindin wata bishiya. Wani da aka tsare a wuri ɗaya ya ce bai taɓa ganinsa ba.

Littafin kamfani ƙofa biyu ya sani ga wanda ya daina zuwa aiki. Ko dai ya gudu, a kore shi, ya rasa haƙƙinsa, iyalinsa su fita daga gidan kamfani. Ko kuma ya rasu, a kawo shaida, a sallami magada cikin mutunci. Wanda bai mutu ba, bai kuma zo aiki ba, babu gurbinsa. A Jidda na ga irin wannan. Ma'aikaci in ya ɓace, maigidansa yakan je ya rubuta cewa ya tsere, kalma ɗaya ce da Larabci, daga ranar ya zama abin nema ko da a asibiti yake kwance. Ban taɓa tsammanin zan riƙe irin wannan alƙalamin a garinmu ba. Na yi ta rubuta wa Kaduna ina neman a ƙara lokaci, suka yi ta ƙarawa, har suka gaji. Suka turo mai bincike.

Sunansa Nasiru, yaro ne mai hankali, Bahaushe, amma a Ikko ya tashi, ya yi karatu a waje. Ba mugu ba ne, kada wanda ya karanta wannan ya ɗauka haka. An ba shi aiki ne, ya gano ko Isiya ya haɗa baki aka kwashe taki ya gudu, ko kuwa ɗauke shi aka yi. Ya fara da Rabi. Ta zauna a bakin ƙofa ta juya gefe, duk tambayar da ya yi sai ta ce maigidan ya ce zai dawo Alhamis, maigidan bai bar saƙo ba. Ƙannen Isiya da suka zo, kowa Yaya yake cewa. Nasiru yana ta rubutawa. Sai ya ce a kai shi wurin uban.

Uban, Baba Ummaru, manomi ne. Ƙauyensu ya tashi, yana zaune a zauren wani ɗan'uwansa a cikin Zurmi. Muka bi ayarin motoci da hantsi, Sale yana tuƙi. Muka tarar da tsohon yana tufka igiya. Aka gaisa, aka kawo ruwa. Nasiru ya buɗe littafinsa ya ce, “Baba, don a cika ƙa'ida, mene ne cikakken sunan ɗanka?”

Tsohon bai ɗago ba. Ya ce, “Ai kun san shi. Ku ka biyanai.”

Nasiru ya sake tambaya ta wata hanyar. Tsohon ya ce wancan yaro dai, mai awo. Aka tambaye shi rabonsa da shi, ya ce yakan biyo ta nan in zai wuce, amma shi ba zama yake yi da shi ba. Aka tambaye shi ko ya je nema, ko ya kai rahoto, ya ce yara sun je. Nasiru ya ajiye alƙalami ya ce, “Baba, ɗanka ne fa ya ɓace. Ba ka damu ba?”

Ya ce, “Allah na da shi.” Sannan ya juyo wurina ya tambaye ni ko ruwa ya sauka a wajen Kaduna.

A mota Nasiru ya ce shi ya gama bincikensa. Gida guda, babu mai kama sunan mutum, uba ko gezau, yana tambayar ruwan sama. Ya ce waɗannan sun san inda yake, an dai hana su magana ne. Na ce masa Isiya ɗan fari ne. Uba irin Baba Ummaru ba ya kama sunan ɗan farinsa, ba ya zama da shi, ba ya nuna ya san yana duniya, ko da ciwo yake yi sai dai ya tambayi wani a kaikaice. Mace ba ta faɗin sunan miji, ƙane ba ya faɗin na wa. Sale ya sa baki ya ce shi ma ubansa har ya rasu “kai” yake ce masa, sai ko in ya yi laifi ya zama “kai, ja'iri.”

Nasiru ya ce, “Alhaji, ni ma fa Bahaushe ne. Na san mata suna wannan kunyar, kakata ma tana yi. Amma namiji, ɗansa yana hannun ɓarayi, ya tsaya kunya? Kuma ko na yarda, me zan rubuta wa Kaduna? In ce shaidata kunya ce?”

Tambayarsa ta biyu gaskiya ce. A Ikko na ga uwar wani lebura da ya faɗa ruwa ta zo ofis tana birgima a ƙasa, tana kiran sunansa da dukan kirarin gidansu, har manaja Bature ya fito yana share ido. A can kuka shaida ne. A nan kuwa wanda abin ya fi ci shi ya fi kowa shiru, kuma shiru ba ya shiga rahoto. Nasiru ya ce zai kira zaman kwamiti kafin ya koma, abin da aka samu a nan shi zai tafi da shi.

Kafin zaman Rabi ta zo ofis ita kaɗai. Ta zauna a benci har kowa ya gama, sannan ta shigo ta durƙusa. Na ɗauka zancen gida za ta yi, don na san iyayenta a wajen Sakajiki suke, su ma sun taso, babu inda za ta koma da yara. Ta taɓo shi kaɗan ta wuce. Abin da ya kawo ta shi ne, babbar 'yarta ta dawo daga makaranta ta ƙi cin abinci, wai yara suna ce mata ɗiyar ɓarawon taki. Ta ce, “Baba Alhaji, in an fitar da mu Allah na nan. Amma abin da za ku rubuta, shi yaran nan za su ɗauka har su tsufa.” Na ce mata ta je gida, ba a rubuta komai ba tukuna.

Washegari na koma Zurmi ni kaɗai. Na zauna da Baba Ummaru na warware masa komai, ban ɓoye ba. Na ce ga ƙofa biyu. Idan ya je gaban alƙali aka bi hanyar da shari'a ta tanada ga wanda ya ɓace, aka ba da takardar cewa ya rasu, to maganar gudu ta mutu, jikokinsa sun tsira da mutunci da abin da za su riƙe. Ya daɗe yana murza igiyarsa a cinya. Ya ce shi bai wanke gawa ba, bai sa a ƙasa ba, ba zai je gaban alƙali ya nemi a kashe abin da Allah bai nuna masa ya kashe ba. In yaron ya dawo ya tarar ubansa ne ya fara yanke ƙauna fa? Na ce to, in haka ne, abin da ya rage shi ne a rubuta ya gudu da kayan kamfani, don baƙon nan ya karanta shirunsa a matsayin haɗin baki. A nan ne kawai na ga hannunsa ya tsaya. Ya tambaye ni ranar zaman. Na faɗa masa. Bai ce zai zo ba, ya dai ce in gaida gida.

Zaman kwamiti aiki ne da na shirya ba adadi. A jera kujeru, a ajiye ruwa, a ɗora fayil a gaban shugaba, ni in zauna a gefe ina rubuta abin da aka faɗa. Ranar akwai manajan reshe, da Nasiru, da Sale a matsayin wakilin ma'aikata. Leburori da masu awo da aka dawo da su daga ƙauyuka sun cika baranda, tunda ba su da aikin yi. An saurari maigadin Gurbin Ɓore, an saurari ƙanen Isiya. Ana shirin rufewa aka ce ga wani tsoho a waje. Baba Ummaru ne, cikin farar riga da ta sha wanki, da sandarsa. Na ba shi kujera ya ƙi, na ɗauko tabarma ya zauna a ƙasa. Manaja ya ga haka ya sauko shi ma, sai kowa ya sauko, har Nasiru da littafinsa a gwiwa.

Nasiru ya ce, cikin ladabi, ko Baba yana da abin da zai ƙara a kan na rannan.

Tsohon ya dubi bango, ba mu ba. Ya ce, “Kun tambaye ni suna.” Sannan ya ce, “Sunanai Isiyaku. Ɗana ne na hwari. Isiyaku bai taɓa ɗaukar abin wani ba. Tun yana ƙarami in an aike shi da hura ba ya buɗe ƙwarya. Ranar da zai wuce wurin aiki, hwarkon mako, ya tsaya bakin zaure ya gaishe ni, ban ɗaga kai ba, don ba a ɗagawa. Inuwarshi kawai na gani. Tun da anka ce ya ɓace ban kwana cikin ɗaki ba, bakin zaure nika kwana, ko za a buga. In kun ce ya gudu, ku hwaɗa mini inda ya gudu ya bar ni.”

Babu wanda ya motsa. Sale ya sunkuyar da kai ya ja hularsa ta rufe masa ido. A baranda, inda ake ta gunaguni tun safe, ko tari babu. Duk wanda ke wurin ɗan ƙasar nan ne, ya san abin da ya ji, ya san bai kamata a ce ya ji shi ba. Nasiru ya dubi fuskokinmu ɗaya bayan ɗaya. Yana da sauran tambayoyi a rubuce, na gan su, amma ya rufe littafin ya ce an gode, Baba.

Rahoton da ya kai ya cire zancen sata da na gudu. Ya rubuta cewa ma'aikacin ya ɓace ne a kan hanyarsa ta dawowa daga aikin kamfani, kuma babu hujjar zarginsa. Kaduna ta karɓa, ta ce iyalin su zauna a gidan, amma ba za a rufe fayil a sallami magada ba sai an kawo takardar alƙali. Abin da aka iya ke nan. A littafin dokoki ba a ƙara ko layi ɗaya ba, har na bar aiki ƙofofin nan biyu ne, kuma bayan Isiya an sake samun wasu.

Samarin da ke son wannan ofis saboda inuwa, ban hana su ba. Inuwar tana nan, da fanka, yanzu ma har da na'urar sanyi. Sai dai su sani duk abin da ya faru da mutum a hanya, ko a gona, ko a gida, a teburinsu zai ƙare, kuma za a ce su ba shi suna daga cikin sunayen da littafi ya sani.

A ranar zaman, da aka tashi, ni na raka Baba Ummaru tasha. Sale ya ce zai kai shi har Zurmi a motar kamfani, ya ƙi, ya ce shi da motar haya ya zo. Na sama masa kujerar gaba, na riƙe masa sanda ya hau. Mota tana jiran cika, ni ina tsaye a jikin taga, na rasa gaisuwar da zan yi masa, don ta'aziyya ba ta halatta ba, jaje kuma an daɗe da wuce shi. Sai ya ce, ba tare da ya dube ni ba, in gaya wa yarinyar nan, yana nufin Rabi, ta shirya, zai aiko ƙanen mijinta su je wurin alƙali a fara abin da za a fara. Na ce Baba, ai ba dole yanzu, an riga an wanke shi daga zargi.

Ya ce, “Alhaji, tun da anka haihe shi ban kira shi ba. Yau na kira, gaban mutane, har sau biyu. Bai amsa ba.” Ya gyara zamansa. “Ranar Juma'a ku taho da abokan aikinai. Za a shimfiɗa tabarma, a yi mishi addu'a.”

Mun je, mota biyu, har da Nasiru da ya ɗaga tafiyarsa. A duk shekarun da na yi ina wakiltar kamfani a gidajen makoki, wannan ne kaɗai zaman da na je wanda ba a raka kowa maƙabarta ba.